Kura da Takunkumi

Ina ɗan shekara tara ko goma na fara ganin kura ido da ido. Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, muka ji ganga daga wajen 'yan awaki, sai yara muka kwasa a guje muna ihun ga gardawa, ga gardawa. Su uku ne, ƙirji duk layu, ƙafafu da kacau-kacau. Ɗaya na riƙe da sarƙa mai kauri, ɗaya da kulki, na ukun yana jan wani biri da aka sa wa riga. Ita kuwa kurar tana tafe da irin tafiyar nan tasu, gaba ya fi baya tudu, bakinta cikin takunkumin igiya, yawu na dalala. Warinta na fi tunawa har yau, wari mai kama maƙogwaro. Muka yi musu da'ira. In gardi ya ɗan saki sarƙa ta zabura, sai da'irar ta watse, mata na salati, yara na faɗawa kan tiren masu gyaɗa. In ya fizgo ta baya sai mu dawo muna dariya, kowa ya matsa kusa fiye da inda yake ɗazu. Ba wanda ya tafi gida. Har kuɗi manya ke jefawa don a sake tsorata su.

Wannan da'irar ce ta dawo mini kwanakin baya, bayan ƙanwata ta ajiye mini wasu littattafan Turanci guda huɗu da ta tsinto wajen mai gwanjon littattafai. Bangonsu duk zane ne mai launi, mace da dogon takalmi, namiji da baƙin mayafi da fiƙa biyu a waje yana murmushi.

"Yaya, ka bar karatun nan mai sa ciwon kai, ga wannan ka huta," in ji ta.

Na ce, "Ke, ni ne zan zauna karanta soyayyar gawa?"

Ta ce, "Ka dai fara ɗaya."

Kafin mako ya zagayo na gama duka huɗun, har na aika ta ko akwai saura.

Bari in fara da bayanin halittar, don kada a haɗa ta da maye. Mayen da muka tashi muna jin labarinsa rayayyen mutum ne, maƙwabci ne, ana gaisawa da shi, kurwa yake kamawa. Wannan kuwa da Turawa ke kira bampaya mamaci ne da ya ƙi kwanciya. Dare ya yi ya fito daga kabari, ya sa fiƙa a wuyan mai rai ya tsotsi jini, kafin alfijir ya koma. A ƙauyukan gabashin Turai ba tatsuniya suka ɗauki abin ba. A 1725 mutanen wani ƙauye a Sabiya suka tono gawar wani manomi, Petar Blagojevic, bisa zargin shi ke kashe su ɗaya bayan ɗaya, suka kafa masa turke a ƙirji suka ƙone shi, jami'in gwamnatin Ostiriya na tsaye yana gani, ya kuma rubuta rahoto. Wannan ita ce kurar daji, ba sarƙa ba gardi.

Marubuta ne suka shigo da ita gari. John Polidori, likitan mawaƙin nan na Ingila Byron, shi ya fara sa wa mashayin jini kayan sarauta a wani gajeren labari a 1819, ya mai da shi ɗan babban gida mai shiga taron manya. Bram Stoker ya fitar da Dracula a 1897, amma nasa dodon ba abin so ba ne ko kaɗan: gashi a tafin hannu, numfashi mai ɗoyi, yana sauka bangon gidansa kai ƙasa kamar ƙadangare, ya yi jigilar akwatin ƙasa hamsin zuwa Ingila don ya sami wurin kwana. Sai 1976 Anne Rice ta ba mashayin jinin baki, ya zauna yana ba da labarin kansa yana kukan zuci, mai karatu ya fara jin tausayinsa. Daga tausayi zuwa so kuwa ba nisa. Shiga shekarun 2000 sai ga wani ayari na marubuta mata a Amurka da Kanada da suka ce tsoron ya isa, kukan ma ya isa, a zo a yi dariya. Littattafansu ne ƙanwata ta kawo mini.

Hausawa na cewa ba a ba kura ajiyar nama. To kowane ɗaya daga cikin littattafan nan labarin kurar da aka ba ajiyar nama ne, ta kwana da shi, gari ya waye ta mayar da shi cif. Abin da marubuciya za ta fara yi shi ne ta saƙa takunkumi, kuma kowacce da irin saƙarta. Charlaine Harris, a littafinta Dead Until Dark na 2001, cewa ta yi Japanawa sun ƙirƙiro jinin roba, ana sayar da shi a kwalba, saboda haka mashaya jini suka fito fili suka ce a zauna lafiya, ba sa bukatar wuyan kowa. Lynsay Sands 'yar Kanada ta tafi nesa da haka. Nata mutanen, zuri'ar Argeneau, ba matattu ba ne ma, ba kuma la'anannu ba. Wasu 'yan na'urori ne da ido ba ya gani, da masanan tsohuwar daular Atlantis suka ƙera, ke yawo a jikinsu suna gyara duk abin da ya lalace, man da suke sha kuma jini ne. Jinin nan a leda yake zuwa irin ta asibiti, a jera a firji, mutum ya ɗauko ɗaya ya kafa wa haƙori ya tsotse kamar fiya wata.

Da an gama ɗaure baki sai wasa ya fara, kuma gaskiya wasan na da daɗi. Ɗauki littafin Kerrelyn Sparks na 2005, wanda sunansa ke nufin yadda za ki auri miloniyan mashayin jini. Jarumin, Roman, ya haura shekara ɗari biyar a duniya, amma ya ciji wata 'yar tsana da aka ɗura wa jinin roba don gwaji, fiƙarsa ɗaya ta fita. Dole ya sami likitan haƙori kafin asuba, don in ya yi barcin rana ramin zai toshe, ya zauna da giɓi har abada. Likitar da ya samu tana aikin dare a birnin New York kuwa, tsoron jini take yi. A wani na Sands da ya fito a shekarar, A Quick Bite, ita mashayiyar jinin ce da kanta ke suma in ta ga jini, mahaifiyarta ta rasa yadda za ta yi, ta je ta sato likitan ƙwaƙwalwa ta ɗaure mata shi a gado matsayin kyautar zagayowar ranar haihuwa. Ina karanta wannan wajen ƙarfe ɗayan dare na yi dariyar da sai da aka leƙo daga ɗaki ana tambayata lafiya.

Wannan dariyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duba kura a tatsuniya. Dabbar da ke hana makiyayi barci, ita ce Gizo ke wasa da hankalinta kullum, kwaɗayi ya kai ta rami, a yi mata dukan kawo wuƙa, yara na ƙyalƙyata a gindin kaka. Abin da ya fi ƙarfinka da dare, in ka samu ka yi masa dariya, ka rage masa tsawo. Mutuwa ce a ƙarƙashin duk labarin mashayin jini, kuma marubutan nan mutuwar suke ja da sarƙa suna sa ta rawa a tsakar kasuwa.

Wadda ta fi burge ni a nan ita ce MaryJanice Davidson da jarumarta Betsy Taylor, a littafin Undead and Unwed da ya fito a 2004. Ranar da Betsy ta cika shekara talatin aka sallame ta daga aikin sakatariya, da dare kuma mota ta buge ta. Ta farka a gidan shirya gawa, kuma abin da ya fara tayar mata da hankali ba wai ta mutu ba ne. A'a, takalmin da aka sa mata ne, mai arha, na matar ubanta, alhali nata masu tsada matar uban ta kwashe. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya ga yadda ake fara leƙen akwatin mamaci tun kafin sadakar uku, ya san wannan barkwancin ba daga sama ya faɗo ba. Haka Jane ta Molly Harper, a littafin 2009: ma'aikaciyar laburaren yara a wani ƙaramin gari a jihar Kentaki, aka kore ta daga aiki, motarta ta mutu a hanya, wani maharbi da ya sha ya bugu ya ɗauka barewa ce ya harbe ta. Matan nan ba 'ya'yan sarauta ba ne. Masu neman kuɗin haya ne, masu fama da surutun dangi, masu tsoron zama ba aure. An mai da su mashaya jini amma matsalarsu ta jiya tana nan, uwa na nan na tambayar yaushe za a kawo miji. Mai karatu da ta dawo daga aiki ƙafa a kumbure ta ga kanta a ciki, ta kuma san tun daga shafin farko cewa ƙarshen zai yi kyau, domin ƙa'idar littafin soyayya a can ke nan, ba a rufe shi da rabuwa. Ba na raina wannan. Wanda ya biya kuɗin kallon gardi ya biya ne da sharaɗin zai koma gida da yatsunsa goma.

In faɗa tun da wuri, don kada wani ya ga bango mai zanen katun ya miƙa wa 'yarsa: yawancinsu na manya ne, akwai shafukan ɗaki a ciki da ba a saya musu labule ba.

To ina matsalar? Na farko dai, akwai bambanci tsakanin ɗaure wa kura baki da cire mata haƙora. Abin da ya tsayar da mu a kasuwa ranar nan shi ne sanin cewa a bayan igiyar akwai muƙamuƙin da ke fasa ƙashin saniya. Da gardi ya ce mana ku kwantar da hankalinku, ba ta da haƙori ko ɗaya, tuwo take ci, da rabinmu mun koma wajen mai biri. Da yawa daga littattafan nan sun kai takunkumin har ya zama fiɗa. Rana ba ta ƙona jarumi sosai, tafarnuwa ba ta dame shi, ba ya kashe kowa, ba ya wari, ba ya tsufa, ga kyau ga lafiya. Betsy ma tana shiga coci, tana ambaton Allah, ruwan tsarkinsu atishawa kawai yake sa ta. To me ya rage? In zama mashayin jini bai ci maka komai ba, ai ba la'ana ba ce, ƙarin girma ne a wurin aiki. Budurwar da aka ce ta zaɓa tsakanin zama mutum da bin masoyinta ba ta da wani zaɓi mai nauyi, kamar a ce maka zaɓi tsakanin tafiya a ƙasa da kyautar mota. Ba ta tsaya ta yi tunanin ranar da za ta binne ƙawayenta duka, da 'ya'yansu, da jikokinsu, ita tana nan da fuskar 'yar ashirin da biyar. Littafin ma ba ya so ta yi, don zai ɓata raha.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne yadda ake ɓarnar shekaru. A unguwarmu akwai tsohon da bai kai casa'in ba, amma in ya zauna a dakali bayan magariba ba ka son ya tashi: zamanin kuɗin ahu da sisi, yunwar da aka yi, yadda aka shimfiɗa titin da muke bi. Shekara tamanin da 'yan kai kawai. Ga mutum an ce ya ga shekara ɗari biyar, ya ga annoba, ya ga faɗuwar dauloli, ya binne duk wanda ya sani, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai ƙamshin gashinta da yadda bai iya aiki da wayar hannu ba. Tsufansa ado ne kawai, kamar rawanin ɗan wasan kwaikwayo. Amfaninsa ɗaya a labarin: ya ba shi lokacin tara dukiya. Kusan dukkansu attajirai ne, da kamfani da jirgi da gidan sama. Cire fiƙar ka gani, abin da zai rage Alhaji ne mai kuɗi da ya ga 'yar talakawa, labarin da kowane mai karanta littattafan soyayya na kasuwar Kano ya haddace.

Amma babban abin da na lura da shi, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne cewa bakin da aka ɗaure ba shi ne mai cizon ba. An ɗaure fiƙa, an bar hali a sake. Mashaya jinin Sands suna karanta zuciyar mutane, suna juya su yadda suke so, suna goge musu tunanin abin da ya faru. Alamar da ke nuna wa ɗayansu ya sami abokin rayuwa ita ce ya gamu da wanda ya kasa karantawa, daga nan magana ta ƙare, ƙaddara ta yanke, sauran shafukan na lallashi ne kawai har wanda aka zaɓa ya gane ba shi da mafita. Likitan da aka ɗaure a gado ya ba ni dariya, ban musa ba. Amma da na rufe littafin sai na ce, a juya abin mana: uba ya sato budurwa ya ɗaure wa ɗansa a ɗaki da sunan kyauta. Ko a gidan maƙwabci aka yi haka ai sai ofishin 'yan sanda. Littafin Twilight na Stephenie Meyer, na 2005, ba na barkwanci ba ne, amma shi ya fi kowanne yaɗa wannan salon. Jaruminsa Edward ba ya shan jinin mutum, na dabba yake sha, an yaba masa. Sai dai an haife shi a 1901, yarinyar da yake so kuma shekararta goma sha bakwai, yana shiga ɗakinta da dare ba da saninta ba yana kallonta tana barci, a littafi na uku har motarta ya lalata don kada ta je wurin wani abokinta. Duk wannan an kira shi kulawa. Ba mace ɗaya a duniya da za ta gamu da mai fiƙa, amma mai duba mata waya, mai hana ta zuwa gidansu, mai cewa don ina son ki ne, wannan kam yana kowace unguwa, kuma ba shi da sarƙa a wuya.

Kakanninmu na da tasu sigar. Akwai tatsuniyar budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo, har wani kyakkyawan baƙo ya zo, jiki sumul, ta bi shi, sai a tsakiyar daji ya koma ainihinsa. A can yarinyar gudu take yi ta tsira da ƙyar. A nan kuwa tsayawa take yi, dodon ya ba ta haƙuri, ya saya mata takalma. Ba na cewa tilas kowane labari ya zama wa'azi, na gaji da waɗannan ma. Ina dai cewa mai tatsuniyar ta fi sanin inda haƙorin yake.

Sai kuma maimaici. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da littafi ɗaya ya karɓu sai a ja shi kasuwa-kasuwa. Jerin Argeneau ya haura littafi talatin: wannan ya auri tasa, saura ƙaninsa, saura ɗan baffansa, saura mai gadinsu. Na farko ka yi dariya, na huɗu ka yi murmushi, na bakwai kana iya faɗin shafin da za a yi faɗa da shafin da za a shirya. Betsy da son takalminta abin dariya ne a littafi ɗaya, a na biyar ta fara kama da baƙuwar da ta ba da labari mai daɗi da safe, ta sake ba da shi da rana, ga shi magariba ta yi tana gyara zama.

Cikin waɗanda na karanta, Harris ce ta bar wa kurarta wari. Jarumarta Sookie ma'aikaciyar gidan abinci da shaye-shaye ce a wani ƙauyen Luwiziyana, mai jin tunanin duk wanda ke kusa da ita, abin da ya hana ta saurayi, don wa zai iya zama da mutum yana jin abin da yake saƙawa? Abin da ya ja ta ga Bill, mashayin jini kuma tsohon sojan yaƙin basasar Amurka, shi ne shiru. Ba ta jin komai daga kansa. Wannan dalili ne na so da ya fi duk kamfanoni da jiragen sauran nauyi. Akwai raha a littafin, amma ana mutuwa ta gaske, kakar da ta rene ta ma an kashe ta a kicin ɗinta, kuma wanda ya yi kisan ba mai fiƙa ba ne, mutum ne ɗan garin da ake gaisawa da shi. Jerin ya kai littafi goma sha uku, aka yi masa fim mai dogon zango, True Blood, daga 2008 zuwa 2014. A na ƙarshe, 2013, Sookie ba ta zaɓi ko ɗaya daga mashaya jinin ba, ba ta kuma yarda an mai da ita irinsu ba. Ta zauna da Sam, mai gidan da take wa aiki, wanda in ya rikiɗa yawanci kare yake zama. Masu karatu da yawa sun fusata, suna ganin an cuce su bayan shekara goma sha biyu suna jira. Ni kam ban ga laifinta ba. Ta daɗe a cikin da'ira, ta ga abin da ke bayan igiyar.

Na mayar wa ƙanwata littattafanta, na ce ta nemo mini na Harris na biyu. Ta ce, "Yaya, ba kai ka ce ba ka karanta soyayyar gawa ba?" Na ce ta dai nemo. Wanda duk ke son gwadawa, ya fara da Dead Until Dark, in dariya zalla yake so ya ɗauki na farkon Betsy ya tsaya a nan. Sauran kuwa, kura ɗaya ce ake canza wa igiya.